Kwalin Madam Rabi da na ƙona

Har in koma ga Allah ba zan manta da wata Talata ba, sati biyu bayan na fita takabar Malam Habu. Jikata ke rubuta mini wannan, ni ban san ko alif ba. Shekara sha tara ina sharar azuzuwa a wata lakwal ta Kara-Kara, Malam kuma shi ne mai gadi. Kowace takarda na sharo sai na kai masa, don ya ɗan taɓa boko. Ya ce "ƙona" ko ya ce "ajiye". Ranar nan babu wanda zan kai wa.

Madam Rabi ke koyar da Ingilishi. Malamar kwantaragi ce, ba a tabbatar da ita ba sai sufeto ya ga koyarwarta. Dabararta, yaro in yana karatu ya tsaya ya tambayi kansa: wa ke magana a nan? Don me ya yi haka? Me zai biyo baya? Ya rubuta tambayar a guntun takarda ya jefa cikin wani kwali. Tambayoyin wata uku ke ciki, su za ta nuna wa sufeto ran Laraba.

Ni kuwa na dawo ina son a ga har yanzu da ƙarfina. Na ga kwali cike da yage-yage, na ce kai, ƙazantar yaran yanzu! Na kai shi bayan katanga na ƙyasta ashana, har ina tonawa da kara don ya ci da kyau.

Da safe Madam ta ce, "Iya, ina kwalina?"

Na ce, "Na gyara miki shi, ɗiyata."

Na kai ta bayan katanga. Ta daɗe tana duban tokar. "Iya, ba ki tambayi kowa ba?"

"Wanda nake tambaya yana maƙabarta."

Sai kuka ya ƙwace mini. Ita da aka yi wa ɓarna ta koma lallashina.

Sufeto ya zo, na laɓe gindin taga da tsintsiya. Ya yi wa Madam magana da Faransanci, na ga idonta ya tafi lungun da kwalin ke zama. Na leƙa na ce, "Ranka ya daɗe, ni na ƙona!" Aji ya ɗauki dariya.

Sufeto ya zaro wani labari da yaran ba su taɓa gani ba, ya ce su karanta. Wata yarinya ta karanta layi biyu, ta tsaya ta yi wa kanta tambaya, ta koma baya ta nemo amsa. Na kusa da ita ma haka, har bencin ƙarshe. Da zai fita ya ce, "Iya, wutarki ba ta kai cikin kansu ba." Ya sa wa Madam hannu a takardar tabbatarwa.

Abin da na koya, ƙananan yara sun iya tsayawa su tambayi kansu, ni da furfura ban iya ba. Tun ran nan in na ɗauki takarda sai in ce, "Malam, ƙona ko ajiye?" Ba ya amsawa, sai in ajiye. Na bar aiki da buhu uku, suna nan ƙarƙashin gadona.