Mutumin da na faɗa wa sunana a Gauraka

A gidanmu na Suleja, murhun Iya ba ya mutuwa da wuri idan masara ta nuna. Iya kakarmu ce, mahaifiyar Baba. Da an idar da sallar magariba za ta jawo kujerarta 'yar tsugunno bakin madafi, ta jera ɗanyar masara a kan garwashi, mu kuma mu kewaye ta. Mu uku ne: yayana Sabi'u, da Hadiza 'yar ƙanwar Baba da ke zaune a wurinmu, sai ni, Rabi, ƙaramarsu. Ina aji huɗu a firamare lokacin.

Ranar da nake son ba da labari, da la'asar mun kalli fim a ɗakin Maman Ngozi, wata mai haya a gidanmu da ke sayar da gwanjo. Ita kaɗai ke da na'urar faifai a gidan, kuma tana son finafinan Hausa don, in ji ta, da su take gyara harshenta. Fim ɗin na wani matsafi ne mai satar yara. Ba ya kama kowa da hannu. Murmushi kawai zai yi wa yaro ya tambaye shi sunansa. In yaron ya faɗa, to shi ke nan, duk inda matsafin ya kira sunan, yaron zai tashi ya bi muryar, idonsa a buɗe amma ba ya gani. Kafin a gama na sulale na gudu, ko takalmina ban tsaya ɗauka ba.

Muna zama bakin murhu gardama ta ɓarke. Hadiza ta ce uwar yaron da aka sace ba ta iya kuka ba, ana ganin ruwa aka ɗiga mata a ido. Sabi'u ya ce ai shi jarumin ma bai burge shi ba, gudu yake kamar mai tsoron kada rigarsa ta ɓaci.

"Amma matsafin nan," ya ce yana kaɗa kai, "wallahi ba aktin yake ba. Kin ga yadda idonsa ya juye? Ba wanda zai iya wannan sai in da gaske yana da abin a cikinsa."

Hadiza ta ce, "Ni dariyarsa ce ta kashe min jiki."

Masarar da Iya ta miƙo min ta huce a hannuna. Tun da fuskar mutumin ta bayyana a talabijin na gane shi, da wushiryarsa da ɗan tabon da ke gefen hancinsa. Sati guda kafin nan na raka Baba Gauraka wajen bakanike. Ina zaune a benci sai wani mutum da ke jiran babur ɗinsa ya yi min murmushi ya ce, "'Yan mata, yaya sunanki?" Na kuwa faɗa masa, har da na Baba.

Iya ta dube ni. "Rabi, lafiya kike rawar sanyi ga wuta a gabanki?"

Sai na fashe da kuka na faɗa musu. Hadiza ta ja jikinta baya kamar ni ce matsafin. Sabi'u ya zaro ido ya ce, "Kin faɗa masa? Da bakinki?"

A daidai nan aka kira daga zaure, cikin wata murya mai ja: "Raaabi!"

Ban san lokacin da na faɗa jikin Iya na ƙanƙame zaninta ba. Na toshe kunnuwana, ina jira in ji ƙafafuna sun miƙe da kansu. Ashe Maman Ngozi ce ta dawo daga shago ta tsinci takalmina a ƙofar ɗakinta, ga shi a hannunta. Ta ajiye tana dariya ta wuce ɗaki. Ba wanda ya taya ta a cikinmu.

Iya ta juya masara, ta gyara zama. "Ku matso," ta ce. "Ga wata tatsuniya nan ta iso, ku ba ta wuri."

Ta ce a wani ƙauye a gindin babban dutse an yi wani manomi, Tanko, wanda Allah ya ba baiwar kwaikwayon murya. In an gama girbi, a dandali zai tsaya ya yi kukan zakara, ya yi na jaki, ya yi tafiyar mai unguwa, mutane su yi ta faɗuwa don dariya. Amma abin da ya fi iyawa shi ne kukan kura. In ya yi shi, karnukan gari sai su shige ƙarƙashin rumbu.

Wata shekara awaki suka fara ɓata. Sai wata mata mai sanyin murya, wadda ba ta daɗe da zuwa garin ba, kullum tana sahun gaba in Tanko na wasa, ta ce wa maƙwabciyarta a bakin rijiya, "Ni dai ban ce komai ba. Amma mutum zai iya kukan nan in ba shi da kura a cikinsa?" Kafin kwana uku maganar ta zaga gari. Aka cinna wa bukkar Tanko wuta, ya tsere da jini a ka ya hau dutse.

Iya ta rage murya har sai da muka sunkuyo. "Awaki ba su daina ɓata ba. Da suka ƙare, sai aka nemi wani yaro aka rasa. Daga saman dutse Tanko yana hango gari. Yana ganin matar nan in rana ta faɗi ta zagaya bayan danga, ta tuɓe fatarta kamar zani, ta ninke ta ajiye, ta sauka a kan ƙafa huɗu. Ya yi ta ihu yana kiran mutane da sunayensu, ku fito, ga ta nan a bayan gidanku. Su kuwa da sun ji muryarsa sai su ƙara danne ƙofa."

Hadiza ta ce, "Sai me ya faru, Iya?"

"Garin ya watse. Nan ta tsaya."

Tsorona bai ragu ba, ƙaruwa ya yi, don yanzu har inuwar dangarmu nake kallo. Na ce, "To shi mutumin nan na Gauraka fa?"

"A gaban ubanki ya tambaye ki, ko a ɓoye?"

"A gabansa."

"To abincinsa yake nema da fuskarsa, kamar yadda ubanki ke nema da hannunsa." Ta juya kan Sabi'u ta nuna shi da tsinken da take juya garwashi. "Kai kuma, kada in ji zancen nan ya fita ƙofar gida."

Sabi'u bai faɗa wa kowa ba. Ni ce na faɗa. Washegari a makaranta na gaya wa ƙawata ɗaya cewa matsafin fim ɗin nan yana zuwa Gauraka yana tambayar yara sunansu. Na ji daɗin yadda ta buɗe baki.

Bayan kamar sati biyu Baba ya dawo fuskarsa a murtuke. Bakanikensa ya ba shi labari: yara sun bi mutumin a bakin titi suna ihun ɓarawon yara, manya suka taso, wani ya jefe shi da dutse a goshi. Da masu abinci na wurin ba su san shi ba sun ja shi cikin rumfa, da abin ya wuce haka. Tela ne a Maje, mai 'ya'ya biyar, fim ɗin kuma shi ne na biyu da ya taɓa fitowa.

Iya ba ta tambayi kowa ba. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, da ta zo kaina na sunkuyar da kai. Ta ce wa Baba, "Gobe ka kai ta."

Washegari muka tafi Maje. Mun same shi a bakin kekensa, filasta a goshi, yana ɗinkin rigar makaranta. Baba ya yi bayani, na durƙusa na ce ya yafe min. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Tashi, 'yata. Allah ya yafe mana." Ya juya ga Baba. "Na daina fim, Alhaji. Matata ta ce ɗinkin ya ishe mu."

Yau shekaruna sun wuce talatin, kullum ina bin motar Abuja zuwa aiki. Sau da yawa nakan ji fasinjoji suna tsine wa wata 'yar fim saboda muguntar da ta yi a shirin jiya, wani ya rantse cewa haka take a gidanta. Nakan sa baki in ce sana'a ce, wani lokaci a saurare ni, wani lokaci a yi min dariya. Da ina yarinya na ɗauka Iya kura take gargaɗinmu a kai, shi ya sa na yi shekaru ina tsoron bayan danga. Sai da na girma na lura cewa a tatsuniyar tata ba kurar ce ta ƙona bukkar Tanko ba. Maƙwabtansa ne, mutanen kirki masu tsoro, waɗanda aka faɗa wa magana a bakin rijiya suka kai ta gaba. A cikinsu nake, kuma Iya ta rasu ba ta taɓa faɗa min haka da bakinta ba.