Ƙofar da Mlanao Ya Kawo Daga Majunga

Mlanao bai taɓa shanye kofin shayi a zaune ba. Ko a masallaci, liman na sallama shi yana laluben takalmi. Mu mutanen ƙauyensa, nan kudu da Moroni a tsibirin Ngazija, mun daɗe da daina mamakinsa. Tun yana saurayi ya kama aikin jirgin ruwan dakon kaya, yau Nzuwani, gobe Zanzibar, jibi Majunga ta Madagaska. In ya kwana bakwai a tudu sai ka gan shi bakin teku yana kai da kawowa kamar wanda ya yar da makulli. Yakan ce tsibirin nan ya yi masa kaɗan, ka fita da mota da safe ka kewaye shi, kafin la'asar kana inda ka taso.

Matarsa ta gaji, ta fito masa da akwatinsa ƙofar gida, tunda gidan nata ne, kamar na kowace mace a nan. Ko musu bai yi ba. Abu ɗaya ya rage a wuyansa, gidan 'yarsa Riama. Uba ke gina wa 'yarsa gida, miji ya zo ya tare a ciki, in babu gida kuwa babu aure. A makon sunanta ya aza harsashi, daga nan duk dawowa sai ya ɗora layi ɗaya na baƙin dutse ya sake ɓacewa. Shekara ashirin da shida bango ya kai, amma ba rufi ba ƙofa. Awaki ke kwana a ciki, gwanda ta tsiro a tsakar ɗaki har ta yi 'ya'ya.

Shekara uku wani malamin makaranta mai neman auren Riama, Attoumani, yana jiran rufin nan. Daga ƙarshe danginsa suka aiko cewa in ruwan bana ya sauka gidan yana buɗe, za su nema masa mata a wani gari.

Riama ta iske ubanta a kan bango yana leƙen teku.

"Baba, saura wata biyu ruwa ya sauka."

"Na sani, uwata."

"Kwano yana Moroni, kafinta yana bayan masallaci. Zama kawai za ka yi ka tsaya a kansu."

"To mene ne a ciki? Na zauna!"

Ya kuwa zauna, kwana tara cur. Ya sare gwandar, ya kori awakin, ya kawo katako. Ran na goma aka ce jirgi zai tashi zuwa Majunga, sai ga Mlanao a bakin ƙofar gidan da igiya, yana awo yana ƙulli. Soilihi, kawun Riama, ya tsaya yana kallonsa.

"Suruki, ƙafar ce ta fara ƙaiƙayi?"

"Wace ƙafa? 'Yata ce za ta shiga gida da ƙofar langa-langa kamar shagon gawayi? Akwai wani masassaƙi a Majunga, in ka ga aikinsa sai ka cire hula. Mako biyu na dawo."

"Rufi aka ce maka, ba ƙofa ba."

"Kai dai ba ka taɓa wuce Moroni ba, me ka sani?"

Ya ɗaura igiyar awon a ƙugu ya tafi. Ni dai na yarda ba ƙarya ya shirya ba, har zuciyarsa ƙofar yake so ya kawo. Amma da jirgi ya bar gaɓa an ce har waƙa ya yi.

Masassaƙi ya ce sai wata guda. Mlanao ba mai jira ba ne, sai ya bi wani jirgin zuwa Zanzibar, wai kafin a gama. Daga can iska ta tsare su. Mako biyu ya zama wata huɗu, ruwa ya sauka har ya yi nisa.

Ranar da ya dawo, ƙarti huɗu suka sauke ƙofar daga mota. Aiki ne na gani na faɗa, an sassaƙa furanni da igiyar ruwa daga sama har ƙasa. Yana gaba suna biye, yana ta ɗaga wa mutane hannu, har suka sha kwana. Nan ya tsaya cak. Sabon kwano na ƙyalli a kan bangonsa, ga ƙofar ƙarfe shuɗiya, ga takalman namiji a bakinta.

Wata tsohuwa mai tallar ayaba ta dube shi ta ce, "Gidan da Soilihi ya rufa kake nema? Ga shi nan."

Duwatsun nan babu wanda Mlanao bai ɗauka da hannunsa ba, amma sunan wanda ya rufa ake kira. Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba. Ya matsa ya yi sallama kamar baƙo.

Riama ta fito da zanen amarci. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta shafa furannin ƙofar.

"Ta yi kyau, Baba."

Ya kwance igiyar daga ƙugu ya miƙa mata. "Daidai take, na auna. A cire waccan kawai."

"Kawu ne ya kafa ta, ruwa na dukansa. Ba zan cire ba."

Ta sa ƙartin suka jawo duwatsu huɗu cikin ragowar duwatsun ginin, suka kwantar da ƙofar a kai a baranda, ta shimfiɗa tabarma.

"Zauna in kawo maka shayi."

Mlanao ya zauna a kan ƙofarsa, ya juya wa teku baya. Ƙafarsa na ta rawa, ya danne ta da hannu, ya shanye shayin tas.