Ido Ɗaya, Mutum Biyu

A ɗakin jira na asibitin ido, wata malamar makaranta tana ta tsaki don layi ba ya motsi. Sai ga wani dattijo ya shigo, rigarsa ta koɗe amma ta sha guga, idonsa na hagu a rufe da bandeji. Yana riƙe da hannun wani makaho, tsaransa, yana cewa, "Ɗaga ƙafa, akwai matakala."

Da ganin tafiyarsu ka san abotar ta daɗe. Wataƙila tun suna samari suke waƙa a coci ɗaya. Ba su sami wurin zama ba, suka jingina da bango.

"Ka gaji da ni ko?" in ji makahon.

Dattijon ya yi dariya. "Haba, mutumina! Ido ɗaya Yesu ya bar mana, kuma ya ishe mu. Mu gode masa."

Ita kuwa malama tabarau kawai ta zo canzawa. Sai yanzu ta lura jakarta ce ta tare kujerar gefenta. Ta janye ta, ta tashi daga tata kujerar.

"Baba, ku zauna."

"Allah ya yi miki albarka, 'yata."

Kunya ta hana ta ɗaga kai. A zuci ta amsa amin.