Ragnhild da lambar Jamus

Shekara talatin da ɗaya Ragnhild ta yi tana bin gidajen tsofaffi tana yi musu wanka, ƙaramar hukuma na biyanta. Ni maƙwabcinta ne a Højer, wani ƙaramin gari a Denmark kusa da iyakar Jamus, shinge ɗaya ya raba mu. Tana yin ritaya ɓarin jikin mijinta Ejvind ya shanye, aka kai shi gidan kula da tsofaffi a garin Tønder. Kullum kafin azahar tana can, don ba ya karɓar abinci daga hannun kowa sai nata.

Bara masu duba mota suka ce tata ta gama yawo, tsatsa ta cinye ƙasanta. Kuɗin sayen wata motar babu, bas ɗinmu kuma lokacinta bai zo daidai da abincin Ejvind ba.

Ran Lahadi wanta Preben, wanda ya koma tsallaken iyaka da zama, ya zo shan kofi. Ina wurin.

Ya ce, "Ƙanwata, daina wahalar da kanki. Motar da ta fi ƙarfinki a nan, a wajenmu Jamus kusan rabin kuɗi ce. Sauran duk haraji ne. Ki mayar da adireshinki gidana a takarda, ki sa lambar Jamus, ki ci gaba da kwana a gadonki. Wa zai sani?"

"Aksel zai sani," ta ce, ta nuna ni da cokali.

Na ce ni kek nake ci. A raina kuwa na ga kamar Preben yana da gaskiya.

Preben ya ce, "Kuna ta biya, malalata na kwance suna karɓa."

"Ejvind ma a kwance yake. Wa kake tsammani ke biyan matan da ke juya shi a gado? Kai da aka canza maka ƙashin ƙugu a asibitinmu kafin ka tsallaka, nawa ka ajiye?"

"Ai shekara arba'in na yi ina biyan haraji!"

"To ni ban gama biyan nawa ba. Sha kofinka, Yaya Bajamushe."

Bayan mako biyu ta dawo da wani ɗan keken lantarki mai ƙafa uku, da rufinsa kamar akwati, gwanjo. Ba ya gudu, iskar teku tana kaɗa shi kamar bokiti. Preben ya sa masa suna tukunyar shayi. Lambar Denmark ce a bayansa, 'yar ƙarama, kullum sai ta goge ta da tsumma. Ta koma fita da wuri, shi ke nan.

Wata rana a watan Nuwamba Preben ya riske ta a hanyar Tønder cikin ƙatuwar motarsa. Hanyar ta matse, ya yi ta danna mata hon. Ba ta kauce ba. Haka ya biyo ta a baya, a hankali, har ƙofar gidan tsofaffin.

Shi da bakinsa ya ba ni labari. Ya ce da ta fito ko hularta ba ta gyara ba, ta ce masa, "Da kuɗina aka yi hanyar nan. Tunda ka zo, shigo ka riƙe wa Ejvind kwano, miyarsa na hucewa."