Soson Komadugu a Kurtun Tawadata

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya ƙagi halittu, tsira da aminci ga Manzonsa da alayensa.

Tun ina saurayi nake da al'ada guda. Idan kogin Komadugu ya janye, nakan ɓamɓaro wani abu mai ruwan toka da ke manne a saiwoyin bakin kogi, in wanke, in cusa a kurtuna don ya riƙe tawada. Na ɗauke shi ɗan'uwan soson wanka, wato tsiro. Da wannan tawada na rubuta Alƙur'ani.

Bara jikata, wadda ke karatun halittu a jami'a, ta leƙa kurtun ta fashe da dariya.

“Angona, dabba kake jiƙawa!”

“Ke uwargida, ina kansa, ina ƙafarsa?”

“Ba shi da ko ɗaya. Amma ruwa yake zuƙa ya tace abincinsa. Wallahi dabba ce.”

Ashe a kan mushe nake tsoma alƙalamin da nake rubuta Maganar Allah? Na ajiye alƙalamin, na ce ta yi mini bayani.

Ta ce a cikin kowace ƙwayar jikin mai rai akwai umarni a ajiye, amma ba duka ake aiki da shi lokaci guda ba. Kamar ban ruwan tattasai ne: magudana ɗaya, manomi ya buɗe wa wannan fangali, ya toshe wancan. Masana sun iske irin mabuɗan da ke wannan aiki a jikin kifi da ɗan Adam suna nan a jikin wannan soson ruwa, wanda suke lissafawa cikin mafi daɗewar rassan dabbobi.

Ban san sanda na miƙe ina tasbihi ba! Abin da ba shi da ido ko jini, an ba shi wannan tsari?

Kalmar jini ce ta dawo da ni ga fiƙihu: mushen dabbar ruwa mai tsarki ne, haka na abin da ba shi da jini mai gudana. Rubutuna ya tsira ta fuska biyu.

“To amarya, miƙo mini alƙalamina.”

“Sai ka biya ni ladan karatu, tsoho!”

Allah Ya sanya albarka ga mai karanta wannan da iyalan gidansa, amin.