Filafilin Da Baba Ya Bari Ba A Zo Karɓa Ba

Da daminar bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Garba masassaƙi na bakin ruwan Yelwa. Allah ya jiƙansa, ya kai haske kabarinsa. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan yi masa addu'a in ja bakina in yi shiru. Bana kuwa wani abu ya faru da ya hana ni shirun, kuma na tabbata da yana raye da sai ya yi mini dariya har hularsa ta faɗi.

Sana'ar Baba sassaƙa filafili ce, itacen nan mai faɗin baki da ake tuƙa jirgin ruwa da shi. Maɗaci ya fi so. Idan ya gama da gizago ya kankare, sai ya sa ƙarfe a wuta ya yi zane a faɗin bakin. To a nan halinsa yake: ba ya zane sai ya san mai shi. Mutum zai zo da gaggawarsa, Baba ya shimfiɗa masa tabarma ya hau tambaya: ɗan wane gida ne, ina aka binne cibiyarsa, wane kifi ya fi sa'a da shi. Inna, jin tambayoyi kamar na neman aure, takan leƙo daga cikin gida ta ce, "Malam, filafili bawan Allah yaz zo biɗa ko armen ɗiyakka?" Daga hirar nan yake ciro zanen, kuma ba ya ba wani gida zanen wani. In filafili ya kuɓuce ya bi ruwa, wanda ya tsince shi can ƙasa wajen Wara zai duba zanen ya san inda zai aika. Idan aka yaba kyan aikinsa sai ya ce shi shaida kawai yake sawa, kamar yadda ake yi wa shanu.

Da ya rasu muka tarar da filafili guda ɗaya jingine a rumfarsa, an gama shi tsaf har da zane. Muka jira mai shi har sadakar arba'in ta wuce, har shekara ta zagayo, shiru. Yayyena maza suka raba kayan aiki, ni kuwa malamar makaranta da ban taɓa tuƙa jirgi ba na ɗauke filafilin na rataye a falona. Shi ne kaɗai abin da nake da shi na hannun Baba. Zanen wani abu ne mai kama da ƙwai, da ɗige-ɗige a ciki, da rassa a gefe guda. Duk baƙon da ya tambaya sai in ce giwan ruwa ne, ga ɓawonsa ga wutsiyarsa, in faɗa da ƙarfin zuciya kamar a gabana aka zana.

Cikin shekarun nan na yi ta karo da aikin Baba a inda ban zata ba. Na ga guda biyu a bangon wani otal a Birnin Kebbi, an shafe su da mai suna ƙyalli, an gicciya su, an rubuta a ƙasa wai kayan tarihi ne. Na ga wani karyayye a hannun wata mai bandar kifi a kasuwarmu, tana juya kifi da shi a kan wuta, ya yi baƙi ƙirin, amma ta ce na mijinta ne marigayi, ko ɗanta ba ta yarda ya taɓa. Wanne ne Baba zai ce an fi girmamawa? Na kasa yanke masa hukunci. Ina jin a otal ɗin zai tsaya ya karanta zanen, ya kira sunan gidajen, sannan ya tambayi mai tsaron wurin ko masu su sun san suna nan. Yanzu da jirage suka koma na inji, filafili yana kwance a gindin jirgi sai ranar da mai ya ƙare, ko me zai ce? Wataƙila ya ce ai ranar ce ranarsa.

Abin da ya faru bana, ɗiyata Hauwa'u ce ta jawo shi. Ta ɗauki hotonta a falo da filafilin a bayanta, ta sa a waya, hoto ya yi ta yawo daga hannu zuwa hannu. Itacen da bai taɓa shiga ruwa ba, sai ga shi ya je garuruwan da Baba bai taɓa takawa ba. Bayan 'yan kwanaki wani mutum ya kira ni, ya ce sunansa Bitrus, masunci ne a wani ƙauye kusa da Wara. Bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Malama, ki yi haƙuri da ni. Zanen ga da ag ga bangonki, na gidanmu na."

Gaskiya ban so kiran nan ba. Na san in maganarsa ta tabbata, ajiya ce a hannuna ba gado ba, kuma kayan aro ba ya rufe katara. Na yi ta neman hujjar da zan ƙi zuwa. Amma wata tambaya ta hana ni sakat: me mutumin nan ya gani a cikin kifina da har ya ce nasu ne? Son sani ya rinjayi rowa. Na naɗe filafilin cikin zane na kama hanyar Wara.

Mahaifiyar Bitrus tsohuwa ce tukuf, idonta ya yi rauni. Aka ɗora mata filafilin a cinya, ta bi zanen da yatsa a hankali. Don in nuna ni ma na san wani abu, sai na ce, "Inna, ga wutsiyar kifin nan ta wannan gefe."

Ta ɗago kai. "Wane kihi, ɗiyata? Wanga gungunmu na. Ga kukar bakin mashigi, ga gidaje. Nan anka haihe ni." Ta danna yatsa a kan ɗigo ɗaya.

Ashe tsibirinsu ne, wanda ruwa ya cinye lokacin da aka yi dam ɗin Kainji aka kwashe su zuwa tudu. Mijinta ya taɓa samun filafili mai wannan zane daga hannun Baba, da filafilin ya tsufa ya koma ya ce a yi masa sabo. Ciwo ya kwantar da shi a daminar da Baba ya rasu, bai tashi ba. Su kuma da suka ji masassaƙi ya cika sai suka ɗauka ba a yi aikin ba. Rashin sani ya fi dare duhu: shekara goma sha ɗaya ina rataye da garin mutane a falona ina kiransa kifi. Na yi dariya, tsohuwa ta taya ni, daga baya kuma muka yi kuka tare, kowa da nata mamacin.

Ba su roƙe ni ba. Bitrus har cewa ya yi in koma da filafilin, ganin da tsohuwa ta yi ya wadatar. Na dubi yadda jikokinta suka kewaye ta suna tambayar wane ɗigo ne gidan wa, na san magana ta ƙare. Na ce su riƙe.

Da la'asar Bitrus ya jefa filafilin cikin jirgi tare da raga da gwangwanin kwarfe ruwa, raina ya ɓaci da jifar nan, don ni ko ƙura ba na bari ta kwana a kansa. Ya tura jirgi ya tsoma shi. Da ya ɗago, itacen ya jiƙe ya yi ja, zanen ya fito raɗau yadda ban taɓa ganinsa ba.

Yanzu ba ni da komai na hannun Baba, kuma ba zan ce ba ya yi mini ciwo ba. Amma na samo wani abu game da shi da ban sani ba yana raye. Mutum ya zauna a gabansa ya ba shi labarin garin da ba za a sake gani ba, Baba ya saurara har ya san inda kuka take da inda gidaje suke. Tsibirin yana ƙarƙashin ruwa, mai labarin da mai zanen suna ƙarƙashin ƙasa, Allah ya gafarta wa Baba. Jikokin tsohuwar nan kuwa, da na juyo zan tafi, na bar su suna gardama a kan wane ɗigo ne nasu.