Injin da Aka Kulle a Sito

Shekara ashirin da uku ke nan Fumie Kuramochi tana yi wa tsofaffi wanka a gidan kula da tsofaffi guda ɗaya, can bayan tashar jirgin ƙasa a wani ƙaramin gari na lardin Akita. Ta shiga aikin ne bayan an rufe kamfanin ɗinkin da take yi wa aiki. Ba ta da yawan magana. Idan sabon ma'aikaci ya zo, ba ruwanta da takardunsa, hannunsa take kallo ranar da zai fara canza wa tsoho ƙunzugu.

Waɗanda ta koya wa aiki sun haura arba'in. Uku suka rage. Sauran sun koma kanti ko masana'anta, kowa da ciwon bayansa.

A cikin ukun akwai Shugo Nagamine, tsohon direban babbar mota, wanda ya shekara shida yana abokin wankanta. Tsofaffi goma sha takwas ne a bene na biyu, ana yi musu wanka Talata da Juma'a. Shi ke kama kafaɗu, ita ƙafafu, su tsoma mutum cikin ruwan zafi har wuya. Sauran biyun mata ne, su ma sun manyanta. In babu Nagamine, sai dai a koma goge tsofaffin da tawul a kan gado, alhali wasunsu wannan ruwan zafin kaɗai ya rage musu a duniya.

Da sanyi ya shigo ta lura ya fara ɗaura bel mai faɗi a ƙugu. Wata safiya ta same shi ya jingina da bango, takalmi ya gagare shi sawa.

"Tsufa ne, Yaya," in ji shi, yana yaƙe.

"Tsufan me? Na girme ka da shekara goma sha huɗu."

Abin da ke ƙona mata rai shi ne akwai injin ɗaga mutum a gidan. Shekara biyu da sayensa, yana sito cikin leda. Manaja Hosoya ya hana a taɓa shi. A ganinsa, kuma a ganin iyalai da yawa, ɗaga tsoho da ƙarfe rashin girmamawa ne. Kowace safiya ma'aikata sukan jeru su karanta abin da ke rubuce a bango, cewa da hannu ake kula da mutum domin hannu yana da ɗumi.

Ta same shi a ofis ta ce, "Manaja, bayan Nagamine ya kusa ƙarewa. A ba mu injin."

"Na ji nauyin maganarki ƙwarai," in ji Hosoya. "Zan duba."

Bayan mako guda sai ga akwati a ɗakin hutu, da ƙananan katuna a gefensa. Wai kowa ya riƙa rubuta wa abokin aikinsa kalmar godiya, don a ƙarfafa zukata. Nagamine ya samu kati bakwai. Ya ce da ana manna su a baya, da ya warke.

Ranar Talata Fumie ba ta tambayi kowa ba, ta turo injin daga sito. Suka fara da Baba Tsuruoka, tsohon manomin shinkafa mai nauyin kilo tamanin da biyar. Da majanyin injin ya ɗaga shi sama, sai ya dubi ƙasa ya ce, "To, kasuwa za a kai ni? Ku gaya musu tsohuwar shinkafa ce, kada su yi tsada."

"Wa zai saye ka, Baba? Riƙe nan."

Ya shiga ruwa lafiya, ya lumshe ido. Ranar Nagamine ya tashi aiki a miƙe.

Juma'a kuwa 'yar Baba ta zo ziyara daga birnin Sendai, ta leƙa ɗakin wanka, ta ga ubanta yana lilo a majanyi. Ba ta ɗaga murya ba. Ofis ta wuce ta tambaya ko mahaifinta kaya ne. Hosoya ya kira Fumie da Nagamine, ya tsaya a tsakiyarsu, suka rusuna mata har sau uku. Da Nagamine ya zo ɗagowa a na ukun, sai da ya dafa tebur. Aka mayar da injin sito, manaja ya jefa makullin a aljihu.

Ranar Litinin suna cin abincin rana, Nagamine ya ce ya miƙa takardar ajiye aiki. Wani kamfanin adana kifi a ƙanƙara na neman mai tuƙa motar ɗaga kaya.

"Can ma ɗagawa ce," in ji Fumie.

"Can kifi ake ɗagawa, Yaya, shi ya sa aka yarda da inji." Ya jujjuya tsinken cin abincinsa. "Ba za ki ce in zauna ba?"

"In ce ka zauna da me? Da kati?"

Ya cika watansa ya tafi. Hosoya ya yi jawabi mai daɗi a taron safe, ya ce ƙofa a buɗe take gare shi kullum.

Talatar da ta biyo baya, ƙarfe tara, Fumie ta tsaya a ƙofar ofis da rigar leda a hannu. Hosoya ya fara bayanin cewa daga yau, na ɗan lokaci, za a koma tawul.

"Ba za a koma ba," ta ce. "Cire kwat ɗin, ranka ya daɗe. Ruwa ya yi zafi."

Ya buɗe baki, ya ga ma'aikata na kallonsa, ya cire. Ta ba shi kafaɗu, ta kama ƙafafu. A mutum na farko yana ta gaisuwa da fara'a. A na biyu ya fara haki. Da suka ajiye Baba Tsuruoka, na uku, sai ya zauna a bakin kwamin wankan, zufa na ɗiga daga haɓarsa, hannu ɗaya a ƙugu.

Fumie ta matse tawul ta rataye.

"Tashi, Manaja," ta ce. "Saura goma sha biyar."